Fayil ɗin da ba wanda ya duba

Ina cikin takaba kwamfutar maigidana ta fara nuna wani saƙo. Da na kunna ta, sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiya, da sunan wani fayil na haruffan Turanci a cakuɗe, a ƙasa kuma ga wurin danna e, ga wurin danna a'a. Karatuna bai wuce sakandare ba, kuma na sha jin ana cewa akwai bairos mai cinye duk abin da ke cikin na'ura. Don haka ban danna ko ɗaya ba. Na ɗauki hoton saƙon da wayata, na rufe murfin.

Marigayi katin gayyata da kalandar biki yake bugawa a wani ɗan shago a Unguwar Mu'azu. Duk sanda wayarsa ta cika, sai ya juye hotuna da bidiyon yara a kwamfutar. Ba ya fitowa a bidiyon, don shi ke riƙe da wayar, amma muryarsa tana ko'ina: "Juyo nan. Ke, ba can ba, nan!" Wayar ta ɓace a wurin hatsarin da ya yi ajalinsa. Autarmu kuwa ba ta fara magana ba ya rasu. Niyyata in ta yi wayo in zaunar da ita in ce, ji muryar babanki.

Mai takaba ba ta yawon kasuwa. Da ƙanen maigidana ya zo duba mu, na nuna masa hoton, na ce ya tambayi wanda ya sani ko abin nan mai cutarwa ne.

"Yaya, ai hoto ba zai yi ba. Kawo ta in kai Kakuri, ina da mutum."

"Baffan yara, tambaya kawai. Kada a taɓa komai."

"Haba Yaya, sai ka ce wani yaro kike aika."

Ban gaya masa muryar wansa nake zama ina saurare ba. Kunya ba za ta bar ni ba. Amma na ce kada a taɓa, kuma da Hausa na faɗa.

Ya dawo da yamma yana fara'a. Ya ce bairos ne, an yi mata fomatin, an wanke ta tas, yanzu gudu take kamar sabuwa. Har gyara mai shagon ya yi mana: ya cika ta da finafinai don yara su ɗebe kewa. Na buɗe. Hoton da ke fuskar kwamfutar, wanda maigidana Malam yake riƙe da auta ranar suna, babu shi. Wani koren tsauni ne a wurin. Na shiga inda bidiyon suke. Finafinan Indiya ne jere.

Na ce, "Me ya hana ka kira ni?"

Ya ce mai gyaran ya tambaye shi ko akwai abu mai muhimmanci a ciki, shi kuma ya ga shagon wansa ya riga ya rufe, aikin kati ya ƙare. Sannan bai so ya dami mai takaba da maganar na'ura ba. A watannin nan an hutar da ni abubuwa da yawa da sunan tausayi, ba tare da an tambaye ni ko ina son hutun ba. Wannan ne kawai ban iya haɗiyewa ba.

Da na fita takaba, na ɗauki kwamfutar na kai wa wata maƙwabciyarmu 'yar Kudancin Kaduna, mai shagon buga takardu, wadda kowa ke kira Madam. Ta ƙara girman hoton da ke wayata, ta karanta, ta rubuta sunan fayil ɗin a tata na'urar ta bincika. Sai ta nuna min wani layi a ƙasan sunan.

"Maman yara, kin ga nan? Sunan kamfanin da ya yi firintar mijinki ne. Manhajar firintar ce take neman izini ta sabunta kanta. Ko e kika danna, ko a'a, ba abin da zai faru."

Na ce ko za a iya dawo da abin da aka goge. Ta ce da an bar na'urar haka bayan gogewar, da akwai ɗan fata. Ta gwada duk da haka, ta kwana biyu a wurinta. Finafinan da aka zuba sun hau kan wurin da bidiyon suke. Gyaran nan shi ya ƙarasa binne su.

Daga nan na hau Keke Napep zuwa Kakuri. Na sami mai gyaran, matashi ne mai ladabi, ya ba ni benci. Na nuna masa hoton na ce ya gaya min mene ne wannan.

Ya leƙa. "Bairos ne, Hajiya."

"Ka duba shi ranar?"

"Hajiya, mu nan in na'ura ta fara irin wannan, fomatin muke yi. Shi ya fi sauƙi, ba a dawowa da ƙorafi."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Ka karanta sunan? Ka duba wanda ya yi shi?"

Ya juya sukundirebar da ke hannunsa. Can ya ce in finafinan ne ba su yi mana ba, zai canza min da na Hausa, kyauta.

Ban ɗaga murya ba. Na gaya masa abin da ke ciki, da shekarun yarinyar. Ya ce, "Allah ya ji ƙansa, Hajiya, ai ƙaddara ce." Mutuwar Malam ƙaddara ce, na karɓa, ina kuma roƙon Allah ya ba ni ikon ci gaba da karɓa. Amma layi ɗaya ne aka ƙi karantawa. Ni da ban iya ba na tsaya na tambaya; wanda ya iya, ya zauna da allo a ƙofar shago, shi ne bai ga dalilin dubawa ba.

Hoton saƙon yana nan a wayata. Akwatin ya rufe fuskar Malam gaba ɗaya, amma ta gefe ana ganin kafaɗarsa da hannunsa a bayan jaririya. Yanzu auta tana magana. Rannan ta ɗora yatsa a kan akwatin tana turawa, wai ya matsa ta ga Baba. Ta tambaye ni yaya yake magana. Na gwada kwaikwayonsa, na ce, "Juyo nan." Yayyenta suka ce ba haka yake faɗa ba.