Birkin Manasse da Dutsen Guga

Manasse Dzarma matsoraci ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Yana tsoron kare, yana tsoron allura, yana tsoron tsawa. In aka yi masa ba'a sai ya ce, "E, ina tsoro. Kai da ba ka tsoro, Allah ya raka ka." Irin wannan mutum ne ya zaɓi tuƙi ya zama sana'arsa, kuma har yau ban san dalili ba.

Ɗan ƙauyenmu ne, can gindin dutse bayan Biu. Ya zo Maiduguri da ƙuruciyarsa, ya yi wa wani ɗan kasuwa tuƙi har ya sayi tasa motar, farar a-kori-kura ta hannu. Mu mutanen kudancin Borno da ke zaune a garin, malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan coci, shi muke nema in za a kai amarya gida, ko gawa. Ba don daɗin tafiya da shi ba. Mai keke ma yakan wuce shi.

A shekarar 1986 Zumuntar Mata ta cocinmu ta sayi injin niƙa don matan ƙauye. Lokacin ina buga tafireta a wata ma'aikata, ni ce kuma sakatariyar ƙungiyar. Shekaru muka yi muna tuya muna ɗinki kafin injin ya samu, iyayenmu kuwa suna can suna niƙa a kan dutse, gwiwa a ƙasa. In wani abu ya sami injin nan, babu na biyu. An yi shela a gida cewa za a buɗe shi ranar Lahadin godiyar kaka, mu kuma muka sa ranar Juma'a za mu tashi.

Ranar Alhamis Manasse ya ce birkinsa ya fara ƙara, ba zai ɗauki ko tsinke ba sai ya canja layini, wato fatar nan da ke kama ƙafar mota in an taka birki. Shekarar kayan mota sun yi wuya, na jabu sun cika kasuwa. Shugabarmu, Mama Dorothy, ta ce in bi shi don kada ya ɓata mana lokaci. Da ita muka tafi a ƙarshe, don ba ta yarda da ni ba ma.

Shagon Ba'ana mai kayan mota yana wajen Limanti. Babarbare ne, dattijo mai gaskiya. Ya ce mana wushe, wato sannu da yarensu, ya ba mu benci, ya fito da layini sabo fil cikin kwali mai sheƙi, an riga an manna shi a ƙarfensa, ɗaurawa kawai.

"Wannan duk direbobin Baga shi suke saye," in ji shi. "Masu kifi, masu Monguno, masu Dikwa. Ko mutum ɗaya bai dawo mini da shi ba."

Manasse ya juya abin a hannu. Ya ce, "Alhaji, tsakanin nan da Baga akwai dutse?"

"Dutse kuma? Yashi dai."

"To me suke taka wa birki? Akuya."

Ba'ana ya yi dariya har hularsa ta karkace. A nan aka haife shi, a nan ya tsufa, bai taɓa ganin hanyar da mota za ta daɗe tana gangarawa ba. Ba ƙarya ya yi mana ba. A Maiduguri birki ba ya zafi, domin garin shimfiɗe yake kamar tabarma.

Manasse ya tambaya ko akwai wani iri. Ba'ana ya laluba ƙarƙashin kanta ya jawo wani tsohon kaya, toka-toka, duk ƙura, babu ko kwali. Wannan sai an kai wa bakanike ya ɓamɓare tsohuwar fatar, ya huda sabuwar, ya dafe ta da ƙusa a ƙarfen. Aikin yini ne guda. Tafiyar Juma'a ta fasu ke nan.

Mama Dorothy ta miƙe, ta dubi Manasse. "Baban Rose, ka ji kunya! Ga sabo kana neman wanda ɓera ya yi wa fitsari? In tsoro kake ji ka faɗa, mu nemi namiji."

"Mama, ai na faɗa. Tsoro nake ji." Sai ya waiwayo gare ni. "Malama, ki ara mini dutsen gugarki."

Na ɗauka ya zautu. Amma muka je gidana, na cika dutsen da gawayi, na fifita har ya yi ja. Ba'ana ya rufe shago ya biyo mu, wai sai ya ga ƙarshen abin. Manasse ya ɗora dutsen a kan sabon layinin ya danna. Ba a jima ba hayaƙi ya tashi, wari kamar an ƙona takalmin roba, fatar ta yi santsi tana ƙyalli. Ya ɗora a kan mai ƙurar, ya danna har hannunsa ya gaji. Layinin ya ɗan yi duhu, shi ke nan.

"Haka gangaren gida yake yi wa birki," in ji shi.

Mama Dorothy ta ce ya ɓata mini dutsen guga. Gaskiya ta faɗa, na sha wahalar kankare shi.

Ranar Juma'a Manasse ya sa aka ɗaura mai ƙurar. Asabar da safe muka tashi, ni da ita a gaba, injin da gangar baƙin mai a baya, motar ta zauna kamar za ta taɓa ƙasa. Tun daga Damboa take masa ciwon baki. Bayan Biu muka bar kwalta muka kama gangaren ƙauyenmu, dutse a dama, rami a hagu. Ya sa giya ta ɗaya, amma nauyin yana tura motar, dole ƙafarsa ta zauna a kan birki. Gumi ya jiƙa masa riga. Leɓensa yana motsi, ba waƙa yake yi ba.

Kusa da ƙasa akwai kwana mai kaifi. Muna karyawa muka ga babbar mota ta lalace a tsakiyar hanya, an tare ƙafafunta da duwatsu, shanu kuma sun cika ɗan wurin da ya rage. Babu inda za a kauce sai rami. Manasse ya taka. Injin ya buga bayan kujerarmu, goshina ya daki gilashi, motar ta tsaya cik. Da na miƙa hannu ta taga, da na taɓa ƙahon saniya.

Ya fito, ya zauna a ƙasa ya yi amai. Mama Dorothy ta kwance ɗankwalinta ta goge masa fuska. Ba ta ba shi haƙuri ba, ba halinta ba ne. Amma da muka shiga ƙauye, mata suka taso da guɗa, ita ta kama hannunsa ta ɗaga sama, ta ce, "Ga wanda ya kawo shi!" Ranar Lahadi injin ya tashi, garin dawa na farko ya zubo a kwanon uwata.

Da muka dawo ya ba Ba'ana labari. Tun daga nan, duk wanda ya je sayen layini sai dattijon ya tambaye shi, "Yashi za ka ko dutse?" Ya kuma sayi dutsen guga ya ajiye a kan kantar shagon. Direbobi har daga Gwoza suka riƙa zuwa shagonsa.

Manasse ya ci gaba da tuƙinsa na hawainiya har idanunsa suka raunana. Bai taɓa kashe ko kaza ba. Tsoron kuwa bai ragu ba, a ciwonsa na ƙarshe sai da mutum biyu suka riƙe shi kafin a yi masa allura. Da muka je gaishe shi, ya san gida za a kai shi in ya cika, kamar yadda ya kai da yawa. Ya dube mu ya ce:

"Duk motar da za ta ɗauki gawata, ku sa a duba mata birki tukuna. Ku gaya wa direban ya sauka gangaren da giya ta ɗaya. Ba na sauri."