Masaukin Arha da Ɗakin da Gwaggo ta Share

Mun tashi da asuba daga Gulma ranar Laraba, ni da mai ɗakina da 'yan matanmu biyu, ana idar da salla. Hutun makaranta ne, damina ta yi tsakiya, albasar da na ajiye tun rani kuma ta yi kuɗi. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu, baiwar Allah nan ba ta taɓa fita ko'ina don hutawa ba, in ba biki ba to gaisuwar mutuwa. Sai na ce a raina bana kam Birnin Kebbi za mu, kwana huɗu, ba za ta taɓa tukunya ba.

Bari in faɗi inda matsalar take tun yanzu. Ina da gwaggo a Badariya, yayar mahaifina. A gidanta na yi shekara shida ina sakandare, ita ta ci da ni, ita ta yi jinyata lokacin da shawara ta kusa kai ni. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, Baba take ce mini tun ina tsumma. A wurinmu kuwa mutum ba ya shiga garin da yake da jini ya sauka a gidan kuɗi. Na san wannan sarai. Amma na kuma san in muka sauka gidan Gwaggo, mai ɗakina suruka ce, za ta wuni a durƙushe tana kunya, tana wanke-wanke, hutu ya tashi a banza. Sai na yanke shawarar mu kama masauki a ɓoye, ranar Asabar mu je mu gaishe ta kamar a ranar muka shigo.

Masaukin a waya na samo shi. Na duba na cikin gari, kuɗin kwana ɗaya ya kai buhun albasa, na ce a'a, ban haukace ba. Can na ci karo da wani, dubu takwas a kwana, ga hoton gado da farin zani, ga fanka, an rubuta cewa a Birnin Kebbi yake, wuri mai iska, babu hayaniya. Na tura kuɗin kwana huɗu gaba ɗaya ina ta yi wa kaina kirari. Ban tambayi unguwa ba, ban tambayi nisansa da kasuwa ba, farashin kawai na gani.

A tashar Argungu muka karya da masa da soyayyen kifi, mai zafi, yaji har kunne. Motar da muka samu tsohuwa ce, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, direban kuwa yana da labarin kowane rami a hanya. Ko ta ina ka duba kore ne, shinkafa ta rufe ƙasa, gero ya fi mutum tsawo, ruwa kwance a fadama yana ƙyalli. Muna cikin tafiya wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce. Ashe mahaifiyata, wadda na yi wa sallama da dare ban gaya mata dabarata ba, ta riga ta kira ta ta ce muna hanya. Ai ko da ma haka ake yi, ni ne na manta da gidan da na fito.

Na ɗauka. Ta ce, "Baba, ina kuke yanzu? Na ɗora sanwa." Bakina ya riga hankalina. Na ce mata tafiyar ta ɗan samu tsaiko, sai Asabar za mu shigo. Ta ce to Allah Shi kai mu. Mai ɗakina ta dube ni, ta juya tana kallon taga. Direba ma da ya ji komai sai ya ƙara sautin rediyo.

Da muka wuce Zauro kaɗan na karanta wa direba kwatancen. Ya taka birki, ya ce to ku sauka, kun iso. Na ce ina birnin? Ya nuna gaba da haɓa, ya ce yana nan inda aka bar shi, da saura. Muka bi wata hanyar laka da jakunkuna a ka, har muka kai wani gida mai shuɗin ƙofa a bakin fadama. Gadon na nan, fankar na nan, sai dai wuta ce babu, injin kuma ba a tayar da shi sai an cika ɗaki biyar, mu kuwa mu kaɗai ne. Ƙaramar 'yata ta leƙa taga ta ce, Baba ai wannan irin gonarmu ce. Gaskiya ta faɗa. Na ɗauko manoman shinkafa daga Gulma, na biya kuɗi, na kawo su kallon shinkafa.

Iskar da aka yi alkawari akwai ta, tare da sauronta. Sauron fadamar Zauro ba ya jin maganin hayaƙi, kwaɗi kuma ba su san gajiya ba. Babu mai sayar da abinci kusa, sai ka fita titi ka tari kabu-kabu biyu, don mu huɗu ne, su kai ku gari su dawo da ku, kuma da sun ga baƙo a wannan lungu sai farashi ya tashi. Kafin azahar ɗin Alhamis na gane abin da na rage a kuɗin ɗaki ya tafi a mashin, har da ƙari. Arha ba ta ado, na sani, amma ban taɓa sanin tana cizo ba.

Duk da haka birnin ya yi mana kyau, ba zan ɓoye ba. Yara sun ga tituna masu fitilu, sun sha askirim har ya zuba a hijabi. Mun ci shinkafa da miyar kifi a wani ɗakin cin abinci, mai ɗakina na zaune aka kawo mata, aka kwashe kwano, ta yi dariya ta ce hannunta har ƙaiƙayi yake. Wannan dariyar da ta yi ita ce ribar tafiyar, kuma ita kaɗai. Ni kuwa duk inda muka bi ina waige-waige kamar wanda ya ci bashi, ina gaya wa masu mashin kada su bi ta Badariya.

A babbar kasuwa asirina ya tonu, ranar Alhamis ɗin, a layin masu atamfa. Wata 'yar kasuwa Ibo, maƙwabciyar Gwaggo, wadda ta fi shekara ashirin a garin, Hausarta ta fi tawa daɗi, ta hango ni ta taso da murna. Ta san ni tun ina ɗan makaranta. Ta riƙe yaran tana sa musu albarka, ta ce yanzu za ta kira Gwaggo ta yi mata albishir, don tun jiya tsohuwar ba ta zauna ba. Ta ce ita ce ma ta ara mata fankar ƙasa, an shafe ɗakina na da da farar ƙasa, an yanka zakara jiya, da aka ji mun fasa sai aka rarraba wa maƙwabta. Kafin in buɗe baki ta riga ta danna waya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ko kwana biyu bai yi ba.

Mai ɗakina ta ajiye atamfar da take tayawa, ta ce mu tafi yanzu, kada mu ƙara ko minti ɗaya. Daga kasuwa zuwa ƙofar Gwaggo tafiya ce 'yar kaɗan, kuɗin mashin bai kai rabin rabin abin da nake biya daga fadama ba. Ga masallaci a bakin layi, ga mai ƙosai, ga kantin magani, ga wuta. Masaukin da na kwana uku ina nema a waya, mai arha, a tsakiyar gari, ashe shi ne wanda na yi shekara shida a cikinsa.

Na shirya wa faɗa. Wallahi da ta zage ni da na ji sanyi. Amma Gwaggo ta tarbe mu da fara'a, ta rungume yaran, ta ɗauko tabarmar baƙi, wadda ba a taɓa shimfiɗa mini ba, ta shimfiɗa a tsakar gida. Ta kawo ruwa a kofin gilashin da ake fitarwa in manya sun zo. Sannan ta dube ni ta ce, "Malam, sannu da zuwa. Kun zo lahiya?"

Shekarata arba'in da ɗaya, ban taɓa jin ta kira ni Malam ba. Na durƙusa na fara bayani, na ce don mai ɗakina ta huta ne, na ce kuskure ne. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce da na gaya mata haka tun farko, ai da ta hana yarinyar ɗaga ko tsinke, ita ma an taɓa yi mata aure, ta san gajiya. Ƙofar ɗakina na da a buɗe take, ina hango sabon gidan sauro a ɗaure, da katifa biyu, ɗaya daga ciki na gane ta, ta gadonta ce. Na ce bari in je in kwaso kayanmu mu dawo nan.

Ta ce, "A'a. Kun biya kuɗi, ku ida kwanakkinku. Ba a ɓarnar dukiya."

Da za mu tafi ta cika kwano da tuwon shinkafa da miyar kuka, ta ɗaure da ɗankwali, ta miƙa wa mai ɗakina, ta ce kada yara su kwana da yunwa a gidan mutane. A bakin fadama muka ci tuwon nan. Ni loma biyu na iya haɗiyewa.

Kwana biyun da suka rage kullum muna gidanta tun hantsi. Mai ɗakina da kanta ta karɓi muciya, ba wanda ya sa ta, suna hira da Gwaggo suna dariya, yara suna kwance kan katifar suna shan fanka. Kowa ya samu wurinsa, ban da ni. Ni ina kan tabarmar baƙi, ana kawo mini ruwa a gilashi.

Ranar Lahadi muka kamo hanya. Gwaggo ta ba yaran turmin atamfa ɗaya su raba, ta ba da sabulu a kai wa mahaifiyata. Mun iso Argungu da la'asar, ruwa na tsugawa, muka shiga Gulma kafin magariba jikinmu duk tabon sauro. Mahaifiyata ta amsa gaisuwata a taƙaice, ba ta tambaye ni yadda birni yake ba. Labari ya riga mu isowa.

Masu bibiyata, in za ku nemi masauki a babban gari, kada hoton gado ya ruɗe ku, ku tambayi unguwa, ku tambayi abin hawa da wuta, don ɗaki mai arha a bayan gari tsada ne da shi. Amma kafin duk wannan, ku tuna ko akwai wanda zai share muku ɗaki a garin. In akwai, kuma kuna da dalilin sauka wani wuri, ku faɗa masa gaskiya da bakinku tun kuna gida. Ni na yi tsimin kuɗi, na yi asarar abin da ban san yana iya ɓacewa ba, kuma abin yana ci mini rai.

Bayan na yi sallar magariba na kira Gwaggo in gaya mata mun sauka. Na bar wayar a kunne ina addu'a a zuci. Ta ɗauka, ta ce, "Alhamdu lillahi. A gaida yara, Malam."