Injin Mai Fulogi Shida Da Ban Saya Ba

Akwai wata Asabar da nake jin ko tsufa ya kwashe mini sauran tunani, ita dai ba za ta fita daga raina ba. Ranar ce na fita da niyyar sayo wa motata injin da ya fi ƙarfinta.

A lokacin muna zaune a Tudun Wadar Zariya, ina koyarwa a wata sakandare, matata kuma tana aikin jinya. Motarmu 'yar ƙarama ce ruwan toka, irin wadda idan mutum biyar suka shiga sai kowa ya san ƙashin kafaɗar ɗan'uwansa. A cikin gari ba ta da laifi. Ta kai yara makaranta, ta kai matata wurin aiki, ta ratsa lungunan Gyallesu inda manyan motoci ke maƙalewa. Babbar hanya ce ba ta so. Injinta ya gaji, yana shan baƙin mai, yana hayaƙi, in an zo hawa sai ka ji kamar ka sauka ka tura.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi ya faru ne a hanyar Funtuwa, za mu gaishe da surukaina. Na daɗe a bayan wata tirela, da na ga hanya ta buɗe sai na fita zan wuce ta. Na taka totur har ƙasa, motar ta yi ta gurnani amma ba ta ƙara komai ba. Muna tsakiyar tirelar sai ga bas ta ɓullo tana wasa da fitila. Allah ne ya sa na samu na ja birki na koma baya. Sai ƙaramar 'yarmu ta ce, “Abba, me ya sa Umma take salati?” Daga ranar na yi wa kaina alkawarin ba zan sake taka mota ta ƙi amsa mini ba.

Sai na shiga bincike. Dawowa daga makaranta ke da wuya sai in hau waya ina kallon yadda ake ɗora manyan injuna a kan ƙananan motoci. Wani abokin aikina ya ƙara zuga ni, ya ce ai mai fulogi shida zan sa, in ga wanda zai sake wuce ni. Yanzu in na tuna sai in yi dariya, don a cikin mako biyu na fara jin na fi makanike sanin mota, alhali ko taya ban iya canzawa da kyau ba.

Makanikenmu dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Tun zamanin mahaifina shi ke duba mana mota. Ba shi da yawan magana, kuma yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Da na faɗa masa abin da nake so, ya goge hannunsa da tsumma ya ce, “To Malam, Allah ya kai mu Asabar, mu je mu gani da ido.”

Shagon da ya kai ni na wani ɗan kabilar Ibo ne da aka haifa a Zariya, Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Injuna 'yan Kwatano ne jere a ƙasa a kan tsofaffin tayoyi, ko'ina ƙamshin baƙin mai. Ya nuna mana guda uku. Na farko irin wanda ke cikin motata ne sak. Na biyu shi ma fulogi huɗu ne, gidansu ɗaya da nawa, amma ya ɗan fi shi girma. Na ukun yana can gefe, ƙato, mai fulogi shida, an wanke shi yana ƙyalli. Ko kallon biyun farko ban yi ba. Na dafa shi na ce, “Wannan na zo ɗauka.”

Mai shagon ya kalli Baba, Baba ya kalli ƙasa. Sannan mai shagon ya ce, “Maigida, in don ni ne wannan zan so ka ɗauka. Amma wace mota za a sa wa?” Da na faɗa masa sai ya yi murmushi. Ya ce sai an yanka mazaunin inji an yi walda, giyabos ɗina ba zai haɗu da shi ba, lagireto ya yi masa kaɗan, wayoyi kuma sai an sake su gaba ɗaya. Na ce duk na sani, na gani a waya, kuma ana yi. Baba ya ce, “Ana yi mana. Ni ma na taɓa yi. Zo mu je ka tuƙa motar da na yi wa, in ta yi maka mu dawo a ɗora wannan.”

A bayan garejinsa akwai wata mota da na daɗe ina gani lulluɓe da tamfol, ban taɓa tambaya ba. Ya yaye tamfol ɗin, sai ga 'yar'uwar motata, fara, nauyin inji mai fulogi shida ya tsugunar da gabanta kamar akuya za ta sha ruwa. Ya ce duk mako yana tayar da ita don kada ta mutu a tsaye. Ya miƙo mini makulli. Ina murzawa ta amsa da wata murya mai kauri da na ji har cikin ƙirjina. Gaskiya a wannan lokacin na gama yanke hukunci.

Muka bi ta unguwar Kongo muka fita bayan gari, inda hanya ta miƙe babu kowa sai gonakin masara hagu da dama. Baba ya ce, “Bismillah, taka.” Na taka. Wallahi ban taɓa jin abu irin wannan ba, kujera ce ta manne da bayana, itatuwa suka fara gudu. Ina ta murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. Sai ya nuna wata bishiyar mangwaro a gaba, da nisa sosai, ya ce cikin natsuwa, “Tsaya mini daidai gindin mangwaron can.”

Na ɗora ƙafa a birki. Gaban motar ya nutse, sitiyari ya yi nauyi a hannuna, bayanta ya fara rawa kamar zai zagayo. Na ƙara dannawa, tayoyi suka yi ƙara, ina ji ina gani mangwaron ya zo ya wuce ta gefena. Sai can gaba muka tsaya, ƙaurin birki ya cika motar.

Baba ya buɗe ƙofa ya sauka, ya kama takawa a hankali zuwa bishiyar. Na bi shi a baya. Tafiyar ta yi mini tsawo fiye da yadda na zata. Da muka isa inuwar ya zauna a kan saiwa, ya ce in zauna. Ya ce, “Malam, duk wannan filin da muka tako, a cikin gari ba fanko ba ne. Akwai mai lemo, akwai 'yan makaranta, akwai tsohuwa da ke tsallaka titi. Kuma Hajiyarka ma tana jan motar taka, ko ba haka ba?” Na ce haka ne.

A nan ya ba ni labarin motar. Ya ce yana da ƙuruciya ya haɗa ta da hannunsa, don a san ya iya. Wata rana ya shiga kwana da ita, nauyin gaba ya ƙi barinta ta juya, ya sauka cikin kwalbati. Nan ya samu raunin ƙafarsa. Ya gyara ta, mutane da yawa sun taya, ya ƙi sayarwa. “In na ba wani, ya je ya taka ɗan mutane, me zan ce wa Ubangijina? Ni na san abin da na haɗa.” Ya ce inji ba shi kaɗai yake aiki ba. Birki da shokozoba da taya da ƙarfen jikin motar duk an auna su ne da injin da aka yi ta da shi. Kana iya ƙara mata kaɗan ta ɗauka, amma in ka ninka, sai ka sake motar gaba ɗaya, kuma a lokacin gara ka sayi babba.

Sai na gaya masa abin da ban gaya wa kowa ba, cewa tun ranar tirelar nan ba na son kama babbar hanya da iyalina. Ya gyaɗa kai ya ce, “Wannan kuma gaskiyarka ce. Motarka tana bukatar ƙarfi, ban ce ba ta bukata ba. Mu je a ba ta daidai ita.” Shi ya ja mu zuwa gida, a hankali.

Bayan azahar muka koma shagon. Wannan karon na ja bakina na tsaya kallo. Baba ya tsuguna gaban inji na biyu, ya kwance fulogan ɗaya bayan ɗaya yana duba launinsu, ya buɗe murfin baƙin mai ya leƙa, ya sa sifana ya juya injin da hannu yana kasa kunne. Da ya mayar da fulogan, mai shagon ya kawo batir aka tayar da injin a ƙasa, ya yi ta kaɗawa sumul babu hayaƙi. Baba ya ce, “Wannan zai zauna a mazaunin naka ba tare da an yanka komai ba.” Amma ya kafa mini sharaɗi: ba zai ɗora shi ba sai an sake birkin gaba da wanda ya fi girma, an sa lagireto mai faɗi, an canja shokozoba da kuloci. Na ce na yarda. Mai shagon ya yi dariya ya ce, “Maigida, yau ka je makaranta ka dawo.”

Kwana huɗu aikin ya ɗauka. Matata ce ta fara fita da ita zuwa wurin aiki. Da ta dawo na tare ta a ƙofar gida ina jiran ta yabi ƙarfin injin, sai ta ce, “Malam, birkin nan ya yi daɗi, kana taɓawa take tsayawa.” Shekara bakwai muka ƙara yi da motar lafiya lau, mun je Kano da ita, mun je Jos, in ka nemi gudu ta ba ka gwargwado.

Abin da na koya shi ne, tsoro ne ya kai ni shagon nan, kuma mai jin tsoro ba ya iya awo, abin da ya fi girma kawai yake nema. Tun daga ranar, duk abin da zan ƙara wa ƙarfi a rayuwata, mota ce ko sana'a ko matsayi, sai na fara tambayar kaina ko ina da abin da zan tsayar da shi in bukata ta taso. Kuma in Allah ya haɗa ni da mai sana'ar da zai iya ce mini a'a alhali e ta fi masa riba, ba na sakinsa.