Layin da na ja a wuyan Inna

Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Da ta rasu, ba mu da fuskarta ko a waya. Yayana shi ke zana wa masu aski da telolin Ƙofar Kwaya alluna, amma a ɗakinsa na soro yana wani zane daban, da fentin mai a kan yadi. Wata biyu yana fama, ya fito da Inna daga kansa: tana zaune a tabarma, tabarmar a sama bisa rufin unguwarmu, zabi na fitowa daga mayafinta suna tashi. Abin ba kan gado, amma wallahi ita ce, har ɗan karkata bakin da take yi in za ta yi faɗa.

Kawu ya gani ya yi salati. Ya ce ranar ƙiyama za a ce wa Yaya ya busa mata rai, kuma ba zai iya ba. Ni ce maganar ta hana sakat. Na rasa uwa, in kuma zuba ido wuta ta ci ɗan'uwana? Ina!

Tun muna firamare mun san dabarar: in ka zana mutum a littafi, ka ja layi a wuyansa, shi ke nan ba mai rai ba ne. Da Yaya ya tafi Azahar na ɗauki siririn burushi, na ce layi ɗaya, ko lura ba zai yi ba. Wa ya gaya mini fentin mai yakan kwana da kwanaki bai bushe ba? Na ɗauka irin na bango ne. Na dafa gefen hannuna a kumatunta kada layin ya karkace, hannun ya zame. Na sa bakin hijabi in gyara, nan na ƙarasa ta.

Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ke, mi kika yi?"

"Yaya, cetonka na yi."

Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni.

Sau huɗu yana sake gwadawa, kullum wata mata ce daban ke fitowa. Ya ce fuskar ta bar kansa tun ranar da ya sauke ta a yadi. Har yau yana zana matar tabarma da zabinta, amma ta juya baya. Hijabin yana ƙasan akwatina, ban wanke ba. Abin da ya rage na fuskar Inna ke nan.