Ranar da Sabo Ya Ƙetare Iyaka Sau Huɗu

A Hindawiyya da ke Makka, in baƙo ya tambayi gidan Sabo direba, sai an tsayar da shi an ce wane Sabon, domin su uku ne a unguwar. Amma in ya ce Sabo mai iyaka huɗu, to ko mai gashin gurasar tamis na bakin layi zai nuna masa ƙofar yana murmushi. Sunan ya samo asali ne daga ranar da Sabo ya hau jirgin ƙasa daga Vienna, babban birnin Austriya, zuwa Bratislava, babban birnin Slovakiya. Tafiya ce ta kamar awa ɗaya. Shi kuwa wuni ya yi a kanta, ya je ya dawo, ya je ya dawo, saboda iyakar ƙasashen biyu ta riƙa sulale masa kamar sabulu a hannun mai wanka.

Mutum ne gajere, mai faɗin kafaɗa da sanƙo mai ƙyalli, wanda ba ya iya shan gahawa shi kaɗai in akwai wani mai numfashi a kusa. A unguwar Jarwal aka haife shi, kafin a rushe layinsu a kafa otal, su dawo Hindawiyya. Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa tasi tsakanin Makka da Jidda. Ya sha cewa da za a miƙe tafiyar da ya yi a kan wannan titi, da ya je wata ya dawo, har ya ɗauko fasinja a hanya. Sai dai duk da haka, har ya kai shekara sittin da ɗaya bai taɓa fita Saudiyya ba.

Abin da ya sani game da iyaka, a wurin aiki ya koye shi. Ya san shingen Shumaisi, inda ake rage gudu, a sauke gilashi, a yi sallama. Ya kuma san miƙati. Sau da yawa yakan kwaso alhajin da barci ya sace a jirgin sama har aka wuce wurin ɗaura niyya, ya kai shi Sailul Kabir a hanyar Ɗa'if don ya gyara. Duk hanya yana masa nasiha cikin raha: “Ya hajji, iyaka ba a wuce ta a kwance. Wanda ya wuce, komawa yake.” Alhazai da yawa sun ji wannan magana daga bakinsa. Bai san ajiye masa ita aka yi ba.

Mahaifiyarsa, Inna Raliya, ita ta san iyaka ta gaske. Tana ƙaramar yarinya iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Sakkwato a ƙafa, suna noma a nan, suna wanki a can, shekara tara kafin su ga Ka'aba. A kan iyakar Chadi da Sudan zazzaɓi ya kayar da uwarta, Maryama. Can aka binne ta a gindin wata bishiya, ayari ya ci gaba. Tun daga ranar, duk iyakar da suka iso, mahaifin Raliya sai ya tsaya ya ambaci sunan Maryama ya yi mata addu'a, ya ce a irin wannan wuri aka bar ta, a irin wannan wuri za a tuna da ita. Ya bar wa gidan wannan al'ada. Matsalar ita ce jikoki duk ta sama suke tafiya, Inna Raliya kuwa ta ce a sama babu iyaka, gajimare ne kawai. Ga shi ta haura tamanin, ido ya yi rauni, kuma tun rasuwar mahaifinta ba wanda ya sake ambatar Maryama a kan iyaka.

Ana nan sai Manar, 'yar Sabo da ke karatun likitan ido a Vienna, ta kammala, ta aiko wa uban da takardun tafiya. Matarsa Dalal ta ce ba za ta bar tsohuwa ita kaɗai ba, ya je ya wakilce su. Rannan suna hira ta waya, Manar ta ce, “Baba, in ka zo zan hau da kai jirgin ƙasa. Daga nan yake tashi kai tsaye har babban birnin wata ƙasa, ba sauka, ba canji.”

Inna Raliya, wadda kowa ya ɗauka gyangyaɗi take, ta ɗago kai. “Ta ƙasa?”

“Ta ƙasa, Kaka.”

Ta juyo wajen ɗanta. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, don shi ne na fari. “Mai-mota, ka ji. A kan iyakar za ka ambace ta. Ba kafin a kai ba, ba bayan an wuce ba. Ina so a yi ina raye.”

Sabo ya dafa ƙirji ya ce, “Inna, ni fa? Ni da nake mayar da mutane miƙati?”

Daga wannan rana Hindawiyya ba ta huta ba. A mirkaz, wato dakalin da dattawan layin ke zama bayan la'asar, Sabo ya zana taswirar Turai da ɗan yatsa a kan tiren shayi har sau uku. Abokinsa Abdulwadud tela ya ɗinka masa sabuwar riga mai aljihu biyu na ciki, ɗaya na fasfo, ɗaya na takardar da Sabo ya rubuta addu'ar a kai, shafi guda cur. Ya sayi dabino kwali biyu, ya sa aka niƙa masa gahawa da hel, ɗan kayan ƙamshin da ake haɗa ta da shi, ya naɗe finjali goma sha biyu a cikin tawul.

A Vienna, da safen tafiyar, Manar ta ga jakar guzurin ta riƙe baki. Hausarta ba ta fitowa sosai sai in za ta yi mita ko lallashi. “Baba, awa ɗaya ce fa.”

“Awa ɗaya Jidda ce, ya binti,” in ji shi. “Ƙasa da ƙasa ake magana.”

Da jirgin ya motsa, Sabo ya zama yaro. Ya shafa kujera, ya leƙa taga, ya kasa kunne ya ji ko injin na da wata ƙara, bai ji komai ba, ya ce tabarakallah. Gonaki kore shar suka fara wucewa, ga wasu dogayen fankoki farare suna juyawa a fili. Murna ta cika shi har ta rasa wurin zama, sai ya buɗe fulas. Ya miƙa wa wani dattijo mai keke finjali. Ya miƙa wa wasu mata biyu dabino. Kafin a jima ya bi rabin taragon, yana zubawa da hagu yana miƙawa da dama, yana koya wa Turawa yadda ake girgiza finjali in an ƙoshi. Dattijon bai gane ba, ya sha biyar. Jirgi ya tsaya a wasu ƙananan tashoshi, ya tashi. Sabo bai damu ba, domin bai ga shinge ba, bai ga soja ba, ba kuma wanda ya ce a fito da fasfo.

Sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya miƙa wa Manar ta karanta masa. Ta karanta, ta dube shi, ta dubi taga.

“Baba, kamfanin waya ne. Suna maka barka da zuwa Slovakiya.”

“Za mu shiga ke nan?”

“Mun shiga.”

Ya tsaya da fulas a hannu. “Ba sanarwa? Ko a jirgin sama ana cewa saura minti kaza a kai miƙati!”

Manar ta ce ita ma ba ta lura ba, hotonsa take ta ɗauka. Ta ce ya yi addu'ar yanzu mana, Allah na ji a ko'ina. Sabo ya ce ai ya san Allah na ji, Inna ce ta ce a kan iyakar, kuma in ya koma za ta tambaye shi, shi kuwa bai iya yi mata ƙarya ba ko yana yaro. Suna sauka a Bratislava bai ko dubi garin ba. Ya ce, “Wanda ya wuce, komawa yake. Yalla.”

A jirgin komawa ya rufe fulas ya tura ƙarƙashin kujera. Ya yi lissafi irin na direba: tafiyar awa ɗaya, gari biyu, to iyaka tana tsakiya, minti talatin ke nan. Ya ga yana da sarari, ya ce bari ya sabunta alwala don addu'ar ta same shi da tsarki. Famfon jirgi kuwa ɗan ƙarami ne, ruwan na zuwa yana ɗaukewa, jirgin na rangaji. Yana cikin fama da ƙafar hagu ya ji Manar na buga ƙofa tana kiran Baba, Baba, ta duba taswira a waya, iyakar ta fi kusa da Bratislava nesa ba kusa ba. Kafin ya zura takalmi ya fito, waya ta yi ƙara. Barka da zuwa Austriya.

Manar ta ce su sauka a tasha ta gaba su jira mai komawa. Ya ce shi bai taɓa sauke fasinja a rabin hanya ba, ba kuma za a sauke shi ba. Gaskiyar magana, jirgin ya shiga ransa. Suka kai har Vienna, suka sake hawa.

Matar da ke duba tikiti, doguwa mai furfura, wadda ta sha gahawarsa da safe, ta gan su karo na uku ta tsaya. Ta tambayi Manar ko lafiya. Manar ta yi mata bayani da Jamusanci, tun daga bishiyar da ke tsakanin Chadi da Sudan. Matar ta ce wani abu tana nuna agogonta.

“Me ta ce?”

“Ta ce iyakar kogi ne. Tsakiyar gada. Za ta zo ta gaya maka. Amma ta ce ka shirya, ba a daɗewa a kai.”

Sabo ya zauna a bakin taga, hannu a gwiwa, ko ƙifta ido ba ya son yi. Da aka tashi daga tashar ƙarshe ta Austriya ya ce a kira gida. Fuskar Dalal ta fito a waya, sannan ta Inna Raliya, ta matso har hancinta ya cika gilashin.

“Mai-mota, an kai?”

“Saura kaɗan, Inna. Riƙe.”

Mai tikiti ta iso da sauri ta tsaya a kansa, ta ɗaga yatsu uku. Ta naɗe ɗaya. Ta naɗe na biyu. Ƙarar ƙafafun jirgi ta canza, ƙarfen gada ya fara gilmawa, ruwa ya bayyana a ƙasa. Ta sauke hannu.

Takardar shafi guda tana aljihu, ba lokacin ciro ta. Sabo ya miƙe tsaye, ya ɗaga murya yadda duk taragon ya ji: “Maryama 'yar Hassan, uwar Raliya! Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sada ki da 'yarki a Aljanna!” Yana rufe baki gada ta ƙare.

“Amin,” in ji Inna Raliya daga Hindawiyya. “Amin, amin.” Ta goge ido da bakin mayafi. Can ta ce, “Sojojin ba su hana ka tsayawa ba?”

“Babu soja, Inna.”

“Masu duba takarda fa?”

“Babu kowa. Kogi ne, bai kai faɗin titin Jidda ba. Har da agwagi.”

Tsohuwa ta girgiza kai. Sannan ta ce, “Mu kwana goma sha ɗaya muka yi a bakin tamu.” Ta ƙara da cewa, “To ka ba matar nan dabino.” Ya ba ta kwalin da ya rage gaba ɗaya.

A Bratislava, a wannan karon, ya yarda ya ga gari. Ya hau tudu ya kalli babban kogi, ya sha shayin da ya ce ruwan zafi ne aka nuna wa ganye daga nesa. Da la'asar suka kamo hanyar Vienna, kuma da aka doso gadar, shi ya tashi ya sanar wa taragon da Larabci da Hausa cewa ga iyaka nan tafe, mai niyya ya shirya. Ba wanda ya gane, amma wani ya tafa masa. Ya sake ambatar Maryama, wannan karon a natse, har da rabin takardar.

Labarin ya riga shi isowa Makka, domin Manar ta tura wa ƙannenta hotuna, su kuma ba su da rufi. Yanzu ya ajiye tasi, sai dai in maƙwabci zai je asibiti. Inna Raliya tana nan, kuma duk wanda ya zo gaishe ta sai ta sa an nuna masa gadar a waya. A mirkaz kuwa ba a mako ba a tayar da zancen ba. Ko a makon jiya, Sabo na isowa da fulas a hammata, Abdulwadud ya sauke tabarau ya ce, “Ahlan da mai gyara wa alhazai miƙati! Ya Abu Manar, yau sau nawa aka fita ƙasar waje kafin azahar? Ko alwala ce ta riƙe ka?”

Dattawa suka kwashe da dariya. Sabo ya zauna, ya jera finjalai, ya zuba wa Abdulwadud nasa tukuna.

“Yi dariyarka, tela,” ya ce. “Kakanninmu shekara tara suka yi kafin su ƙetare iyaka uku. Ni huɗu na ƙetare tsakanin hantsi da la'asar, gahawata ko hucewa ba ta yi ba. Karɓi, in ka ƙoshi ka girgiza.”