Ƙahon da Dogo Ba Zai Ji Ba

Goggona mai guga ce a wani shagon wanki, mace mai kaifin baki, ko mai shagon ba ya ja da ita. Abu ɗaya na san yana kaɗa mata hanji, shi ne ƙahon ƙarshe.

Tun ranar da fasto ya yi wa'azi cewa Almasihu zai dawo da busar ƙaho, masu bi su tashi su tarye shi, hankalinta bai sake kwanciya ba. Ɗanta tilo, wanda muke kira Dogo, kurma ne tun haihuwa. Idan aka busa bai ji ba fa? Fasto ya yi bayani har ya gaji, ya ce ko matattu za su ji. Ta ce matattu ai da kunnensu lafiya aka binne su.

Sai ta roƙi mai shago ya ɗauki Dogo aikin ninke kaya, teburinsa a jikin nata, inda hannunta zai kai kafaɗarsa. Babbar mota na danna hon a titi, za ta saki dutsen guga ta cafko shi, a zatonta ƙahon ne. Rigunan mutane da ta ƙona a haka Allah kaɗai ya san yawansu. Mu muna dariya, ita tana riƙe da shi gam. Dogo ya yi gemu, ya samu aikin walda a wani gari, ta ce sam.

Da ciwo ya kwantar da ita a asibiti, likita ya daina ɓoye mana komai, ba mutuwar ce ta firgita ta ba. Ta riƙe min hannu ta ce, "'Yar nan, wa zan bar wa shi? Ke ga ki da nauyin barci."

Dogo yana bakin gado yana kallon leɓenta. Ta juya tana lallashinsa da hannu, cewa a mulkin Allah da ke zuwa ba ciwo, ba kuka, kurame duk za su ji.

Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a idonsa ba. Da hannu ya tambaye ta, idan kowa yana ji a can, za ta daina yi masa magana da hannu ke nan? Shi bai san muryarta ba. A cikin taron mutanen can duka, in ta kira shi da baki, yaya zai gane ita ce?

Goggo ta ɗaga hannu za ta amsa masa, yatsun suka ƙi motsi.