Rariyar Inna Habi

Har yau ban manta da safiyar da na ƙi sa hannu a takardar wani gida a Gude ba. A lokacin ni ne magatakarda a wani ofishin dillancin gidaje a Gwarzo. Ƙa'idar aikin ita ce, kafin a rushe tsohon gida a gina na haya, sai na je na auna, na karanta tsohuwar takardar ciniki, sannan in sa hannu.

Wani Alhaji daga birni ya sayi gidan ƙasa a unguwar talakawa, yana son ɗaki takwas na haya. Da na zagaya, sai na ga rariya a gindin katangar gabas. Ta nan ruwan gidan maƙwabciya, Inna Habi mai daddawa, yake ratsa tsakar gidan ya fita kwata. Zanen Alhaji kuwa ya ɗora ɗaki na takwas daidai a kanta. In aka toshe, ruwan Agusta a gindin ɗakin tsohuwar zai kwanta, ginin kuma na ƙasa ne.

Na ce, "Alhaji, bakwai za a gina."

Ya yi dariya. "Malam Sani, ramin da ɓera ke bi? Saboda shi zan bar ɗaki guda?"

Maigidana, mai ofishin namu, ya ja ni gefe, ya ce, "Kai dai sa hannu, ai ba kai za ka kwana a ciki ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na buɗe fayil, na karanta musu abin da marigayi mai unguwa ya rubuta da ajami a tsohuwar takardar cinikin gidan: an sayar da gida, ba a sayar da hanyar ruwa ba. Na rufe birona, na mayar aljihu.

Alhaji ya kai ƙarata wurin mai unguwa na yanzu. Dattijon ya saurare shi, ya ce, "Alhaji, masu hayar taka 'ya'yan unguwar nan ne. Wa zai kama ɗakin da ya kayar da ɗakin Inna Habi?"

Bakwai aka gina, kafin fenti ya bushe duk an kama su. Maigidana kuwa sati biyu bai amsa gaisuwata ba.

Shi ya sa nake gaya muku, wanda ya sayi gida a unguwar talakawa har da haƙƙin maƙwabta ya saya. Ku duba gindin katanga kafin ku duba zane. Bara na bi ta wajen ana tsuga ruwa. Na tsaya, ina jiƙewa, ina kallonsa yana fita ta rariyar, ɗakin Inna Habi yana nan a tsaye.